Ragon Ranar Sifili

Ilyasu ɗan Umbadda ne, wata unguwa a Omdurman, jikan mutanen da suka taso da niyyar Makka, gonakin audugar Jazira suka riƙe su. Tun yana ƙarami hali ɗaya aka san shi da shi: bakinsa ba ya ɗaukar mummunan labari. In aka aike shi ya gaya wa maƙwabta akuyarsu ta mutu, sai ya je ya yabi kajinsu ya dawo.

Allah da ikonsa, sai ya samu aikin kai mummunan labari kowace safiya. Wani kamfanin jigilar kaya a Khartoum ne ya ɗauke shi ya kula da tsaron kwamfutoci. Ya rubuta manhajar da ke zagaya injinan kafin a buɗe ofis, tana neman ɓarakar da ɓarayin intanet za su iya bi su shigo. A cikin manhajar ya gina wa kowace rana ɗan akwatinta mai gida huɗu: kwanan wata, manyan ɓaraka, matsakaita, ƙanana. Da safe akwatin zai buɗe a allon manaja, Ustaz Zailani, shi kuwa Ilyasu ya fake wajen mai shayi har faɗa ya lafa.

Wata rana ana faɗur, wato karin kumallon hantsi, kowa na dangwalar wake da burodi a tire ɗaya, Ustaz ya ɗaga yatsa duk mai, ya yi alwashi a gaban jama'a cewa ranar da akwatin nan ya nuna sifili zai yanka rago karama, wato sadakar godiya, har masu gadin maƙwabta su ci.

Shekarar da man fetur ya yi wuya, aka ɗauke wuta tun yamma, janareta kuma babu ko ɗigo. Manhaja ba ta zagaya ko'ina ba. Da wuta ta dawo da hantsi, akwatin ya buɗe da sifili a kowane gida, domin Ilyasu bai taɓa gina masa gidan da zai ce yau ba a duba ba.

Kafin ya tsallako gada daga Omdurman, an riga an kawo rago. Fari ne mai baƙin kunne, an ɗaure shi a gindin dalbejiya. Awadiyya sakatariya ta yi guɗa, Adamu direba yana wasa wuƙa a bakin dakali. Ustaz ya rungume Ilyasu har hularsa ta faɗi.

Ilyasu ya san in ya yi shiru za a ci nama a kan ƙarya, gobe ɓaraka ta dawo kamar ƙudan damina, a ce shi ya buɗe ƙofa. In kuma ya yi magana, ya kwance wa manaja rawani a bainar jama'a, aikinsa sai Allah. Ya shiga ofis ya yabi sabon labule ya fito. Ya koma ya tambayi lafiyar Hajiya, matar Ustaz. Da ya leƙa ta taga ya ga an kwantar da ragon, ragon kuma ya kafe shi da ido, sai maganar ta suɓuce masa.

"Ustaz, sifilin nan ba na lafiya ba ne. Na barci ne. Jiya ba a duba komai ba."

Ustaz ya dubi allo, ya dubi rago. Ya ce alwashi ba abin wasa ba ne. An sayi ragon nan domin ranar sifili, saboda haka ba a sayar da shi, ba a kuma yanka shi sai sifilin gaskiya ya zo.

"Kai ka hana shi mutuwa, ya zol, bawan Allah. To kai za ka ciyar da shi."

Haka Ilyasu ya tsira da aikinsa, ya koma gida a raksha, babur mai ƙafa uku, da rago a cinya. Washegari ya ƙara wa akwatin gida na biyar. Mahaifiyarsa Khadiga da farko ta ce gidanta ba turke ba ne, amma ba a jima ba ta fara ajiye wa ragon ɓawon kankana, tana faɗa in an tashe shi barci. Duk yamma Ilyasu na biyawa kasuwa ya sayo damin ciyawar birsim, ragon na jiransa a bakin ƙofa.

Ilyasu ma'aikaci ne na gaskiya, yana toshe ɓaraka iya ƙarfinsa, har lambobin suka yi ta sauka, shi kuma yana tsoron ranar da za a yanka ragon. Sai dai akwai Awadiyya, wadda ba ta rabuwa da filashin waƙoƙin biki da take cikowa a kasuwar Suk Libya, ko wanne da ƙwayar cutar da ke hana akwatin nuna sifili. Yana cikin aikinsa ya hana ta soka shi a kwamfutar ofis. Kullum yakan je teburinta da wannan niyyar, ya tsaya, ya yabi lallenta, ya dawo.