Takardar da na karanta ban iya karatu ba

Edita, ina gaisuwa. Shekaru da yawa ina riƙe da wannan magana a ciki, yau na ga gara in fitar da ita. Ni manomi ne daga wani ƙauye a bayan Gella. A shekarar da aka jefa ƙuri'ar raba-gardama ta biyu, wadda ta bar mu a Nijeriya, ina saurayi mai kaifin kai da son a yabe ni. Waƙa ko wace iri ce, in na ji ta sau biyu a wurin girbi, shi ke nan ta zauna. Mahaifina ya rasu tun ina ƙarami, ni kaɗai Inna ta haifa da ya rayu, kuma duk abin da na yi a wurinta daidai ne.

Bayan ƙuri'ar nan gwamnati ta matsa da ajin yaƙi da jahilci, aka ce kowane ƙauye sai ya sami mai karatun boko. Da rani wani malami yakan zo daga Mubi a kan keke, mu zauna a gindin tsamiya bayan azahar, ya karanta layi mu amsa gaba ɗaya. Hausar ma a lokacin ba ta gama zama a bakinmu ba, da yarenmu na Gude muka tashi. Sauran suna ta fama da baƙaƙe, ni kuwa na gano hanya mai sauƙi: na haddace littafin kaf kamar waƙa. In na ga hoton rijiya na san abin da ke ƙasansa, in na ga na akuya haka. Sai in ɗora yatsa ina ja a kan layi, bakina yana zuba. Ranar jarrabawa littafin nan dai aka buɗe mini. Na zuba, aka tafa, aka ba ni takardar shaida. Inna ta naɗe ta a ƙyalle ta sa a cikin kwallarta. Sunana kaɗai na iya rubutawa, shi ma kamar zane.

Daga nan na zama mai karatun gari. In wasiƙa ta zo daga wanda ya tafi ci-rani, ni ake kira. Sai in daure in ce yana gaida kowa da kowa, yana lafiya, yana tambayar ruwa. Yawanci kuwa abin da wasiƙun ke cewa ke nan, shi ya sa asirina ya daɗe a rufe. Kai, har tsofaffi suka fara kirana malam, ni kuma ina amsawa ba kunya.

Wata shekara gab da faɗuwar damina malamin gona ya kawo wa mai unguwa wasu ƙananan ƙunshi na garin magani da takarda guda. Yana sauri, ƙauyuka da yawa na jiransa. Ya ce maganin ƙwari ne na iri, bayani duka yana cikin takardar, kuma tunda a rubuce yake cewa garinmu yana da mai karatu, ba sai ya tsaya ba. Aka tara dattawa, aka miƙo mini. Na ga layuka sun cika ta, wasu da jan tawada, babu hoton rijiya babu na akuya. Na maimaita abin da na ji malamin ya faɗa, ina jan yatsa. Sai kawuna ya tambaya, ya ce tunda yana kashe ƙwari, ko za a iya zuba shi a waken ajiya maimakon toka? Mu a wurinmu da toka ake cakuɗa wake a tukunya a liƙe baki, amma duk da haka ƙwari sukan huda shi. Kowa ya zuba mini ido. Na duƙar da kai, na ja yatsa a kan jan layin nan, na ce takarda ta ce a zuba.

Dattawa suka yi ɗari-ɗari, kowa yana jiran wani ya fara. Inna ce ta fara. Ta ce ita ba ta shakkar abin da ɗanta ya karanta, ta tankaɗe tokar da ke cikin wakenta, ta juye ƙunshi guda, ta gauraya da hannu. Ganin haka gida huɗu suka bi ta. Tun daga ranar tsoro ya kama ni. In ina huɗa sai in tsaya, in tuna jan tawadar nan, in ce me ya sa ba a rubuta ta da baƙi ba? Sai in lallashi kaina cewa Inna ba ta taɓa waken nan sai damina ta yi nisa abinci ya yi wuya, akwai sauran lokaci. Mako uku ina wannan lallashi, ina wucewa ta gaban tukunyar nan ina kau da kai. Wallahi na fi tsoron a yi mini dariya a dandali a kan in buɗe baki.

Da abin ya ishe ni, ranar kasuwar Mubi na sa takardar a aljihu na tafi. Na sami wani dattijo ɗan Barno mai rubuta wa mutane wasiƙa, na ce masa idona ke ciwo, ya taimaka ya duba mini. Ya karanta a hankali. Ya ce guba ce, ta irin shuka kaɗai, kada ta kusanci abinci, kada a ci abin da ta taɓa ko an wanke, wanda ya taɓa ta ma ya wanke hannu da sabulu. Ya ɗago ya dube ni, ya tambaya ko lafiya. Na karɓe takardata na wuce. Babu motar da za ta wajenmu a lokacin, da ƙafa na kama hanya, ina gudu ina tafiya, na tsallake rafi ban ko cire takalmi ba, ina roƙon Allah ya sa tukunyar tana liƙe.

Tun daga bakin gida na ga mata sun cika tsakar gida. Inna tana kwance a ƙasa, ta yi amai, jikinta yana fizga, idanunta sun juye. A ƙofar ɗakina kuwa ga akushi a rufe da faifai. Ashe ta ce ɗanta ya tafi kasuwa bai ci komai ba, bari ta fasa tukunya ta dafa masa wake. Ta ci nata, ta rufe nawa. Muka ɗaura ta a kan gadon kara, mu huɗu muka ɗauke ta a kafaɗa har asibitin Mubi. Duk hanya ina jin numfashinta, in ya tsaya nawa ma ya tsaya. Kafin mu tashi sai da na yi ihu na ce kada kowa ya taɓa wakensa.

Allah ya yi da sauran kwananta. Kwana shida ta yi, ta farfaɗo. Abin da ya karya ni shi ne maganar da ta fara yi wa masu dubiya: ta ce kada a ga laifin ɗanta, shi ya karanta daidai, ita ce ta cika hannu. Tana kwance tana kare ni. A nan na durƙusa gaban kawuna da mai unguwa da duk wanda ke wurin, na ce ban iya karatu ba, ban taɓa iyawa ba, haddacewa na yi. Babu wanda ya yi dariya. Inna ta juya fuskarta bango.

Gida huɗun nan suka binne wakensu a shekarar da ake bukatarsa. Da rani ya zagayo na koma gindin tsamiya, na zauna a gaba, na roƙi malami ya riƙa rubuta mini abin da babu shi a littafi. Shekara biyu na yi kafin in karanta takardar nan da kaina, har jan layin.

Ina roƙon masu tsara karatun manya, kada su ƙirga takardun shaida su ce gari ya waye. A miƙa wa mutum takardar da bai taɓa gani ba, a nan ake sani. Kai kuma da aka miƙo wa abin da ba ka gane ba, ko wace irin takarda ce, ka ce ban sani ba tun ana tsaye. Kunyar ba ta wuce yini guda. Hannun Inna na dama, wanda ta gauraya waken da shi, bai daina rawa ba daga ranar, ko ƙwarya ba ta iya riƙewa. Shekara goma sha ɗaya ni nake ba ta kunu a baki, kuma har ta rasu ba ta sake kirana malam ba.