Cefanen Mijina na Bakin Teku

Tuwo nake sayarwa a bakin karar shanu ta Paraku. Da ni kaɗai nake sauke tukunya, yanzu sai an kama mini. Na binne miji, na binne 'ya'ya. Ɗaya ya rage, shi ne na fari. Ba na faɗin sunansa, ban taɓa faɗa ba. Haka aka tashe mu a Jugu, inda aka haife ni: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a nuna ana kewarsa. Uwar mijina ce ta goya shi. Ni nono kawai na ba shi, ina kallon bango.

Ya koyi fawa wurin ubansa, ya gangara kudu yana tsire, wanda mutanen can ke kira cacanga. Ya zauna a Garan Popo, kusa da iyakar Togo. Ya auri 'yar garin, ta musulunta, suka haifi namiji, daga baya mace. Shi yakan zo da babbar salla wata shekarar. Su ba sa zuwa. Hanya da nisa, kuma yaron yana lakwal, makarantar boko. Hotonsu kawai nake gani a wayar maƙwabciyata.

Daminar da ta wuce ƙirji ya kwantar da ni. Ina kwance sai kakarmu ta Jugu ta faɗo mini a rai. Ita yayana take kira mijinta. Da ya shigo gida sai ta ce, "Ga ragon miji nan, ya zo hannu rabbana. Ina cefane?" Shi kuma ya ce, "Wa zai yi wa marar haƙori cefane?" Ta jefe shi da ludayi, sannan ta jawo shi ta ba shi ƙanzon da ta ɓoye masa. Ranar da ta rasu, yayana da gemunsa ya zauna a ƙasa yana kuka kamar yaro. Na ce a raina, in na mutu yau, akwai wani yaro a bakin teku da ba zai san an yi mutuwa ba. Da na tashi daga ciwon na fara shiri.

Na fara zuwa Jugu in sanar da yayana. Ya sa aka kawo mini sabuwar doya daga Kolokonde, matarsa ta ƙulla mini daddawa da man kaɗanya.

Ya ce, "Ke da ko kogi ba kya so, za ki teku?"

Na ce, "Ba wanka zan je ba, Yaya."

"To ki gaida mijin naki. Ki ce masa ya yi haƙuri da abin da Allah ya ba shi."

Ban shiga bas ba, ba ta irina ba ce. Akwai wani direban kamyon, babbar motar shanu, mutumin Nijar, da ya daɗe yana cin tuwona. Shi ya ce, "Inna, in kin iya warin shanu, ga gaban mota nan." Na ce masa a cikin warin na tsufa. Muka tashi bayan sallar asuba, ni da shi da wani dillali mai yawan barci. Buhun doya a ƙarƙashin ƙafata, guzurin dambu da ƙuliƙuli a cinyata, ruwa a jarka. Ban sayi ko lemo a hanya ba. Shanu na dukan ƙarfe a bayanmu, jandarmomi na tsayar da mu, direba na sauka yana hawa. Muka yi azahar a Dasa, gindin duwatsu. Daga nan ƙasa ta soma sakewa. Dawa ta ƙare, kwakwar manja ta fara, mata na miƙo abarba ta taga. Iska ta yi nauyi, zanena ya manne mini a baya. Na kwana a Zongon Kwatano wurin ƙanwar direban.

Da safe na shiga taksin Garan Popo. An cusa mu a baya kamar kaji, wata mata da kwandon kifi a kan gwiwata. Muka wuce Wida, muka haye wata gada, ruwa dama da hagu, mutane a kwalekwale suna jefa raga. Na ɗauka shi ne tekun. Matar ta yi dariya, ta yi mini alama da hannu in jira. Can gaba, bayan itatuwan kwakwa, sai ga shi. Ba shi da ɗaya gaɓar. Yana tasowa fari, ya faɗi, ya koma, ya sake tasowa. Na ce, "Subhanallahi," na riƙe buhun doyata.

Ɗana ya tarye ni a bakin titi. Ya durƙusa ya gaishe ni. Na amsa ina kallon taya. Na tambaye shi kasuwa, ya ce alhamdulillahi. Ya yi furfura a gefen kai. Na gani.

Matarsa ta rungume ni, abin da ba mu saba ba, amma na bari. Jaririyar tana bayanta. Sai aka turo yaron gabana, cikin kakin lakwal, bai fi shekara bakwai ba. Ya haɗa hannuwa a ƙirji ya gaida kaka da Faransanci, "Bonju, Meme." Na dube shi. Kunnuwan ubansa ne sak, manya, a buɗe. Na buɗe baki na yi abin da na sani.

"Wannan ne mijin nawa? Kai, an cuce ni. Dubi kunne kamar faifai. Dubi ƙafa kamar sillen kara. Na taso tun daga Paraku, ko cefane babu. Ni na fasa auren."

Na jira ya rama. Yana jin Hausa, a wurin tsiren ubansa ya koya. Ya ja da baya, ya shige bayan uwarsa. Ubansa ya yi 'yar dariya, ya sosa ƙeya, ya ɗauki buhun doya ya shige. Shi ya san wasan, amma a gabana ba ya iya doguwar magana, yadda ni ma ba na iyawa a gabansa.

Na ɗauka kunya ce ta baƙunta. Washegari na ƙara. Ya fito zai tafi lakwal, na ce, "Ragon miji, ka tafi ka bar mata da yunwa?" Ya dawo, na ce, "Ina tsaraba, mummuna?" Na daka sakwara da doyar Kolokonde, na yi miyar daddawa, na zuba masa a kwano na musamman da tsokar da ta fi kowace. Bai taɓa ba. Ya ɗauki garin rogo ya tafi bayan ɗaki. Na ɗauki jaririyar na goya, ita ba ruwanta, amma idona yana kan bayan ɗakin.

Sai na gan shi da hula. Hular ulu, ta sanyi, a wannan zafin da gishiri ke tsatsafowa a jiki. Ya ja ta har ta rufe kunnuwan. Da ita yake zuwa lakwal, da ita yake dawowa. Gumi na gangaro masa a wuya.

A ranar ne direban ya aiko ta wayar ɗana: ya yi lodin siminti a Kwatano, jibi zai koma Paraku. In na rasa shi, ba ni da wata motar. Kuma na san jikina. Irin wannan tafiya ba lallai in sake yinta ba.

Da la'asar ina fere doya a tsakar gida, surukata ta zo ta tsaya a kaina. Hausarta ta kasuwa ce, amma tana isar da saƙo.

"Mama, don ni ba Bahausa ba ce?"

"Me?"

"Ba ki son yaron. Kullum zagi. Ubansa ma ba ki kallonsa. Me muka yi miki?"

Idonta ya yi ja. Na ajiye wuƙa. Ban iya bayani ba, ban taɓa koya ba. Na ce ta zauna.

Na ce, "Ubansa ɗan fari ne. Ba ni da izinin kallonsa. Wannan kuwa ina da izini. Abin da na tara shekara da shekaru, ba ni da inda zan sauke shi sai a kansa."

"Da zagi?"

"Shi aka ba mu. Jika miji ne. Kaka tana zaginsa, ta ba shi nama."

"To shi me zai yi?"

"Ya rama."

Ta dube ni kamar na taɓu. "Ya zagi kakarsa? A gidanmu da ya sha duka."

"A gidanmu in bai rama ba, bai karɓe ni ba."

Sai dariya ta ƙwace mata, ta zauna a kan turmi tana share ido da bakin zane. Ta ce, "Ku mutanen arewa, Allah ya shirye ku. Shi ma ɗan naki bai taɓa gaya mini ba." Ta kira yaron, ta yi masa magana mai tsawo da yarensu, tana nuna ni, tana nuna kunnenta. Ya leƙo ni ta ƙarƙashin hula. Ya girgiza kai, ya gudu.

Na daina zagin. Na rasa abin da zan ce masa kuma. Na gwada "Sannu, ɗan albarka," sai na ji kamar da baƙo nake magana. Shi ma ya dube ni da mamaki. Wunin nan ya wuce a haka. Na ɗaure kayana. Na ajiye masa ƙuliƙulin da ya rage a kan tabarmarsa, ban tsaya ganin ko ya ci ba.

Safiyar da zan tafi babu lakwal. Surukata ta ce ba zan bar garin ban taka yashin teku ba. Muka je, na tsaya nesa da ruwan. Masunta na jan raga daga tudu, igiya doguwa, maza da mata da yara sun jeru suna waƙa suna ja da baya. Ta ce duk wanda ya kama igiya, ana ba shi ɗan abin miya. Can ƙarshen layi na hango hular ulu. Yana ja da iyakar ƙarfinsa, ƙafafun nan na nutsewa cikin yashi.

Da ragar ta fito aka yi ta hayaniya. Na zauna a gindin kwakwa, ƙafata ta gaji. Sai ga shi tafe, ya tattare gaban rigarsa. Ya tsaya nesa kaɗan. Ya dubi uwarsa, ta ɗaga masa gira. Ya matso, ya zazzage a gabana. Ƙananan kifi ne, duk yashi, wasu na motsi.

"Ga cefane," ya ce.

Na jira.

Ya ce, "Tsohuwa. Ba ki da haƙori." Wannan uwarsa ce ta koya masa, na gane. Ya tsaya ya ga ba a dake shi ba. Sai ya ƙara nasa na kansa, da ƙarfi: "Kuma kina warin shanu!"

Uwarsa ta toshe baki. Ni kuwa na ce, "Wannan ne cefanen? Kifi kamar ɗan yatsa? Matsiyacin miji, da wannan za ka riƙe mace?"

"In ba ki so, ki ba ni abina!"

"Ka ga na ce ba na so?"

Na cafko shi. Na tuɓe hular na jefar. Na kama kunnen nan guda na ja shi kan cinyata. Kansa ya jiƙe sharkaf, yana warin gishiri da kifi. Ya yi ta mutsu-mutsu yana dariya, daga baya ya lafa. Na daɗe ban riƙe yaro haka ba. Na juya fuska wajen tekun don kada surukata ta gani, amma ta gani.

A gida na soya kifin da man kaɗanya. Muka ci a kwano ɗaya, ni da shi, yana ƙwace manyan, ina buge masa hannu. Ubansa na tsaye a bakin ƙofa, ya zo ya ce taksi ya iso. Ban dube shi ba. Na kama kunnen yaron, na ɗaga murya yadda za a ji daga ƙofa.

"Kunnen nan gado ka yi. Akwai wani da aka haifa da irinsa a Jugu. In yana barci, babu kowa a ɗaki, nakan zauna in yi ta kallonsa."

Yaron ya ce, "Wane ne?"

Na ce, "Ci kifinka."

Wanda ke bakin ƙofa ya yi gyaran murya. Ya ce bari ya duba ko an ɗaure kayan da kyau. Ya daɗe bai dawo ba, alhali ƙulli ɗaya ne da buhun da babu komai a ciki.

Na dawo Paraku a kan hanyar da na bi, siminti a baya maimakon shanu. Surukata ta ƙulla mini busasshen kifi da gishiri da kwakwa. Na koma bakin tukunyata.

Yanzu ranar Juma'a maƙwabciyata takan leƙo da waya a hannu, tana dariya tun daga ƙofa. Ta ce, "Ga wani marar kunya nan, wai a ba shi tsohuwar nan mai warin shanu." Sai in goge hannuna a zane in karɓa.