Shingen Akuya a Largo

Shekara goma sha ɗaya maigidana yana shuka yakuwa a bayan gidanmu a Largo, nan ƙasar waje. Irin na mahaifiyarsa ne, daga ƙauyensu kusa da Zariya, kuma kowace kaka shi yake tara sabo daga abin da ya nuna. Rabi yake shukawa, ya ɓoye rabi a kwalba. Bareyi kan fito daga kurmin da ke bayan layinmu, amma shi mai sammako ne, suna ganinsa tsaye yana ban ruwa sai su wuce gaba.

Ya rasu a watan Janairu, Allah ya jiƙansa. Ina fita takaba na juye kwalbar duka a ƙasa na shuka. Ko ƙwaya ɗaya ban rage ba. Har yau ban san abin da ya hau kaina ba.

Na sayo waya da turaku na yi shinge yadda na ga ana yi a gida: iya ƙirjina, ƙasan a toshe da duwatsu, don akuya ta ƙasa take kutsawa. Maƙwabciyata, 'yar Filato da muke aiki asibiti ɗaya, ta leƙo ta yi dariya.

"Hajiya, akuyoyin Zariya ne suka samu biza? Bareyin nan tsalle suke yi. Kuma kwamitin unguwa ba zai bari ki ƙara tsayi ba. Ki ɗauki karena."

"Kare? A gidan da nake salla?"

"Ba limanci zai ja miki ba, haushi kawai zai yi."

Na karɓa. Amma ban iya sakinsa ya yi yawo a tsakar gida ba. Na ɗaure shi can kusurwa, nesa da ƙofa, nesa da igiyar shanya, don kada ya taɓa min tufafi. Cikin mako guda bareyin suka gane iyakar igiyarsa. Ni ce ban gane ba.

A nan yakuwa ba ta yin fure sai rana ta fara gajarta, sannan a yi ta tsere da sanyi. A Oktoba ta yi 'ya'ya, saura mako biyu ko uku su ƙosa. Wata safiyar Asabar na ɗaga labulen kicin, na ga bareyi uku a cikin shingen suna ci a natse. Karen ya miƙe igiya har tana shaƙe shi, tsakaninsa da su bai fi taku biyu ba. Na fita ba takalmi. Kara kawai na tarar.

Na kira ƙanin maigidana a waya, ko da sauran irin tsohuwa a wurin wani. Ya ce tun da ta rasu ba wanda ya ƙara noma fegin nan.

"Yaya, a kasuwa zan sayo miki mudu guda. Yakuwa ai duk yakuwa ce."

Na yi masa godiya, na ce ya bar shi. Da yamma na kwance karen na mayar wa mai shi.