Motsa jikin da na koya wa Yaya

Shekarar da na fara koyarwa a Makarfi na kamu da cutar ba da shawara. Littattafai uku na karanta na Turanci, irin masu cewa rabin ciwon mutum daga tunaninsa yake, shi ke nan na zama likita. Wayata kuwa cike da bidiyon motsa jiki, matan da ba su taɓa riƙe taɓarya ba suna ta tsalle a kan tabarmar roba. Duk malamar da ta yi kuskuren cewa ta gaji a gabana, sai ta koma gida da sunan littafi.

Yayata tana aure a Gazara. Ita ta goya ni, ita ta yi min kitson farko. Lokacin rake na je gaishe ta, na tarar tana tuƙa wa masu aikin mazarƙwaila tuwo, tana yi tana tsayawa. Fuska ta cika, ƙafa ba ta shiga takalmi. Ta ce min numfashi yana yi mata wuya, kuma haka kawai sai ta ji kuka ya zo mata.

Ni kuwa uwar iyayi, ko tambaya ɗaya ban yi ba. Na ce ƙiba ce da damuwa. Matar da ke daka tun asuba, wai ita nake gaya wa ba ta motsa jiki! Na tura mata bidiyo biyar, na yi ta aiko mata da saƙon murya ina fassara mata littafi, wai ta riƙa gaya wa kanta lafiyarta ƙalau. Yaya ba ta musu da kowa, balle ƙanwar da take alfahari da ita. Ta ce, "To, ku ne kuka yi karatu."

Ashe yi take. Kullum da hantsi sai ta tura ƙyaure, don kada surukai su ga babbar mace tana tsalle, ta jingina waya da kwanon sha ta bi matan nan. In na kira ta ce da sauƙi, tunda ni na koya mata faɗin haka.

Ranar da ta faɗi, mijinta ya kira ni muka kai ta asibiti a Zariya. Likita ya danna ƙaurinta da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ya ce ruwa ne ba ƙiba ba, zuciya ce ta gaza, kuma an daɗe. Da mijin ya ambaci tsallen da ya same ta tana yi, likitan ya ajiye biro.

"Baiwar Allah, wa ya sa ki?"

Yaya ko kallona ba ta yi ba. "Ni ce na gani a waya, na ga ya ba ni sha'awa."

Ya yi mata faɗa tas, kamar yarinya, a kan jahilci da bin abin waya. Ni mai bakin nan ina tsaye rungume da jakarta. Wallahi na tsani kaina a wurin, amma ban buɗe baki ba.

Kwana tara ta ƙara a duniya. Har yau in na je Gazara, mijinta sai ya taso ya yi min godiyar ɗawainiyar da na yi da ita a asibiti, ni kuma in ce ba komai.