Ranar Da 'Yata Ta Rataya Wa Maƙwabciyata Lambarta

Shekarun baya, 'yata ta fari ta ci gasar jimnastik ta jiharmu, wasan nan na tsalle da alkafura a kan siririn katako. Ranar ya kamata in fi kowa murna, amma wallahi kishi ne ya raka ni gida.

Lokacin ina aiki a wani sito da ke Wendover, a nan ƙasar Turawa, don haka maƙwabciyata, mutuniyar Damagaram, ita ke kai ta atisaye ta ɗauko ta. Ranar gasar muka zauna tare. Ni ga kunyar 'yar fari, ko sunanta ba na iya kira, balle tafi a bainar jama'a. Na ja mayafi ina ta addu'a ƙasa-ƙasa. Yarinya na dira daram, maƙwabciyata ta rangaɗa guɗa har Turawa suka waiwayo.

Da aka ba ta lambar zinare, ta sheƙo da gudu. Har na gyara zama. Sai ta wuce ni, ta rataya wa maƙwabciyata. Ni da na yi naƙuda! Na yi murmushin yaƙe.

A mota na ce wa yarinyar, "Kin kyauta, ai uwarki ta samu."

Ta ce, "Mama, ko clapping ba ki yi ba. I thought ba ki damu ba."

Na ɗauke ƙafa daga gidan maƙwabciyata, har ta gaji ta biyo ni da kwanon dambu. Ta ce, "Pardon, Hajiya, ina kika taɓa ganin uwar amarya ta yi guɗa? Aikinmu ne mu na gefe. Kuma ke ba ki lura ba, yarinyar nan ba ta hawa katakon sai ta hango bakinki yana motsi."

Na tambayi 'yata, ta ɗaga kafaɗa ta ce, "Obviously," wato ai a fili yake.

Daga nan na gane yaran da muka haifa a nan ba su iya karanta shirun uwa ba, sai an faɗa musu da baki. Na koyi cewa "sannu da ƙoƙari", ko da kaina a sunkuye. Yanzu 'yata ta girma, ita ke koyar da yara wasan, ni da maƙwabciyata kuma mun shirya tuntuni.

Amma lambar tana nan rataye a falon maƙwabciyata. Har yau in na je, kujerar da ta ba lambar baya nake zaɓa.