Tasar Inna a Kan Rufi

Abokin tafiyar ƙanena, wani ɗan Kelle, shi ya kawo mana labarin. Tare suka bar Gure, tare suka sha wuyar Libiya, sai a bakin teku aka raba su cikin kwalekwalen roba biyu. Wani babban jirgi ya tsinci nasu. Na ƙanena har yau shiru.

Na tsare abokin nasa a tsakar gida raina a ɓace. Allah ya yafe mini, na tsani ganinsa da rai yana shan ruwan randarmu. Na ce jirgin da ya gan su makancewa ya yi da bai ga ɗayan ba?

Ya ce, "Yaya, ba da ido suke nema ba. Wani ma'aikacin jirgin ya gwada mini na'urarsu. Kira take aikawa bisa ruwa irin na rediyo, abin da ya buga ya maido shi, sai ɗigo ya fito a gilashi. Ƙarfe na maidowa sosai. Amma in teku ta tashi, kowace igiyar ruwa ma maidowa take, gilashin ya cika da ɗige-ɗige. Roba da jikin mutum sai su ɓace a ciki, kamar ƙwayar gero cikin rairayi."

Inna, wadda ba ta taɓa ganin ruwan da ya wuce tafki ba, ta ɗago kai. "Tasar da na ba shi fa, ɗan nan? Ai ƙarfe ce."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce masu kwalekwalen sun ƙwace duk wani ƙarfe kafin a shiga, kada ya huda robar.

Washegari na tarar da ita kan tsani, tsohuwar da gwiwa ke hana wa ruku'u. Ta kafa babbar tasarta a kan rufi, bakin tasar na kallon arewa, ta tokare ta da duwatsu. Na yi ta faɗa har muryata ta dushe, na ce tsakaninmu da teku akwai hamada sukutum.

Ta ce, "In sun aiko kiran, a samu abin gidansu da zai amsa."

Na san ba haka abin yake ba. Yanzu ba ta iya hawa, ni ke ɗaukar toka in hau in goge tasar. Kuma ina gogewa da kyau.