Ka Zo Awo

Gershon Kumai mutum ne da ba ya son ware kaya. Tun yana yaro a kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa a Kafanchan, inda ubansa Eli ya yi shekara talatin yana aikin layin dogo, jaka guda gare shi. Littafin makaranta, takalmin ƙwallo, ragowar dafaffen rogo, duk a ciki. Uwarsa Regina, malamar firamare, ta yi faɗa har ta gaji. Amsarsa kullum ɗaya ce: "Mama, ai na san inda komai yake." Abin haushin kuma, ya sani ɗin.

Ya yi karatun kwamfuta a Zariya, ya dawo gida ya kama koyarwa a wata sakandaren mishan, ranar Lahadi kuma yana kaɗa wa mawaƙan coci molo. Hausarsa irin ta garin ce, wadda aka tsinta a kasuwa da filin ƙwallo bayan yaren gida. Ba ruwanta da mace ko namiji. "Mama ya dawo," in ji shi, kuma ba wanda zai ɗaga kai, don kowa haka yake faɗi.

Yayarsa Hellen ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti a bakin gari. Damuwarta ɗaya: mata masu ciki suna manta ranar awo, sai abu ya ɓaci a kawo su a guje. Ta ce masa, tunda ya iya kwamfutar nan, ya yi mata abin da zai riƙa tuna musu. Cikin hutu guda ya haɗa mata manhaja a waya. Ta rubuta sunan mace da lamba, manhajar ta lissafa ranaku, ta tura saƙon tes.

Masu wannan sana'a suna raba aikinsu ɗaki-ɗaki, abin da ido ke gani a gefe, ma'ajiyar sunaye a gefe, kalmomin saƙo a wuri guda. Gershon kuwa, ina! Fayil ɗaya ya buɗe, ya sa masa suna "gida", ya zuba komai, har layi dubu shida. Duk inda ya buƙaci saƙon tunatarwa, sai ya sake rubuta shi a nan. Haka saƙon ya zauna a wuri huɗu: na ranar rajista, na wata-wata, na watan haihuwa, da na jan maɓalli, wanda Hellen ke dannawa in tana son ganin mace da gaggawa.

Wadda ta fara ganin aibin abin ita ce Fatimatuzzahra'u, nas a asibitin, wadda kakanninta suka daɗe da rumfa a kasuwar Kafanchan. Ta karanta saƙon, ta kwashe da dariya har da riƙe ciki.

"Malam Gershon, wai maza ne ke ɗaukar ciki a garin nan? Ka rubuta 'ka zo awo'. Ki zo ake cewa! Kuma awon me? Ka sa awon ciki."

"Anti Zahra'u, ai duk ɗaya ne, za su gane," in ji shi. Amma ya ji kunya, ya buɗe kwamfutar nan take. Ya sa kwamfutar ta nemo masa "ka zo awo", ta nemo uku, ya gyara ukun. Ya gwada, saƙo ya fito tsaf. Na huɗun, na jan maɓalli, ya rubuta shi ne da sauri wata rana, "kazo" a haɗe, don haka binciken ya tsallake shi. Bai ƙirga ba. Ai ya san inda komai yake.

Bayan wata biyar wata mata mai suna A'i ta zo awo da cikin wata bakwai, ƙafafunta a kumbure. Aka ɗauki fitsarinta, ta gaji da jira ta tafi gida. Da sakamakon ya fito, Hellen ta ga alamar da ba ta so, irin wadda in an yi sakaci take kai mace ga jijjiga. Ta danna jan maɓalli.

A'i ba ta da waya. Lambar mijinta ce a rajista, Mijinyawa, mai sayen citta. Mutum ne mai kula, duk saƙon da ya ce "ki zo awon ciki" yakan karanta mata, har ya tare mata keke. Wannan karon abin da ya shigo shi ne: "Kazo awo gobe da safe, kada ka makara." Lokacin kakar citta ne. Mutumin da ya yi shekara ashirin tsakanin sikeli da buhu, in an ce masa ka zo awo, me zai ɗauka? Bai ko duba lambar ba. Ya ce dillalinsa ne na wani ƙauye ta wajen Kachia, ya ɗaure sikeli a bayan babur da sassafe ya kama hanya.

Hellen ta jira har azahar, ta kira, ba sabis a ƙauyen. Washegari ta yi niyyar neman gidan da kanta, haihuwa biyu suka tsare ta. Rana ta uku maƙwabta suka kawo A'i tana jijjiga. An ceci uwar. Ɗan, namiji ne, bai zo da rai ba.

Da Mijinyawa ya iso ya ce shi ba a aiko masa da komai ba, sai Zahra'u ta karɓi wayarsa ta duba. Ba ta yi dariya ba wannan karon. Hellen ta kira ƙanenta, ta karanta masa saƙon kalma-kalma, ta kashe wayar. Gershon yana ofishin malamai. Ya buɗe "gida", ya yi ta gangarawa, ya sami saƙon a layi na dubu huɗu da ɗari takwas da sha biyu, yana zaune lafiya lau. Ya fita bayan aji ya yi kuka, babba da shi.

Gyaran kalmar bai ɗauki minti ɗaya ba. Rushe gidan ne ya cinye masa dogon hutu. Ya yi folda huɗu: fuskar manhaja, rajistar mata, lissafin ranaku, da saƙonni. Kowane saƙo sau ɗaya tak aka rubuta shi, duk mai buƙata daga can zai ɗauko, kuma sunan matar ne ke fara zuwa. Ba ya ƙara ko harafi a foldar nan sai Zahra'u ta karanta da ƙarfi ta ce ya yi. Ɗalibansa sun san shi yanzu da tsanani: ka kawo masa aikin da ka maimaita abu sau biyu, ya mayar maka ko kallo na biyu babu. Mama Regina ta ga ɗakinsa a kimtse, ta buɗe baki za ta yi tsiya, Hellen ta girgiza mata kai.

Shekara biyu bayan haka ya je asibitin sabunta manhajar, ya tarar da wani mutum zaune a benci yana jiran matarsa. Hellen ta raɗa masa cewa Mijinyawa ne, A'i ta sake samun ciki, kuma yanzu shi ke kawo ta da kansa, ko ana tsakiyar kaka. Gershon ya je ya rusuna ya gaishe shi.

"Malam Mijinyawa, ni ne na rubuta saƙon nan na wancan lokaci. Ka yafe mini."

Mutumin ya dube shi, ba fushi a fuskarsa. Ya zaro tsohuwar wayarsa, ya latsa, ya latsa, ya miƙa masa. Saƙon yana nan, bai goge ba.

"Allah ya yafe mana duka, Malam," in ji shi. "Ka ce kada in makara, ban kuwa makara ba. Ni na riga kowa isa. Buhu goma sha biyu na auna ranar."